Hoton jirgin ƙasa da daddare da gyaran tsofaffin hotunan fim a kwamfuta: tambayoyi da amsoshi

Wai me yasa sai da daddare, rana ba ta fi sauƙi ba?

Ta fi sauƙi mana, shi yasa hotunan jirgi na rana suka cika ko'ina kuma duk kusan kama ɗaya suke. Da rana ba kai ke da iko da haske ba, duk abun da ke wurin sai ya fito ko kana so ko baka so, turakun lantarki ne, tsofaffin ƙarafa ne, motar wani da aka faka a gefe. Amma dare na yi duhu zai rufe maka wannan tarkacen duka a kyauta, abun da fitila ta taɓa shi kaɗai ake gani. Saman layin dogo da tayoyi suka goge sai ya ɗauki haske ya miƙe har cikin duhu, hayaƙi ko tururi kuwa in fitila ta bugo shi ta baya sai kaga ya yi fari fat kamar ka taɓa. Toh wannan ake nema. Kuma tun yanzu ka riƙe, baƙin da ke cikin hoton dare ba matsala bane da za'a gyara, shi ne rabin hoton.

Waye wannan O. Winston Link ɗin da ake yawan ambata?

Ba'amurke ne, an haife shi a Brooklyn a 1914 ya rasu a 2001, injiniyanci ya karanta amma hoton talla yake yi ya ci abinci. Daga 1955 zuwa 1960 ya bi layin kamfanin Norfolk and Western yana ɗaukar jiragen kwal masu tururi, saboda a lokacin shi ne babban kamfani na ƙarshe a Amurka da bai gama komawa injin dizal ba. Ya ɗauki hotuna wajen 2,400, kuma waɗanda suka yi masa suna na dare ne. Hujjarsa mai sauƙi ce, ba zai iya matsar da rana ba, ba zai iya matsar da layin dogo ba, toh gara ya zo da nasa hasken.

Kuma fa ba filashi irin na yanzu bane, ƙwayayen fitila ne da ke ƙonewa sau ɗaya shikenan sai a jefar, ya jera su da dogayen wayoyi ya haɗa su su tashi a tare. Shahararren hotonsa na 1956 a garin Iaeger da ke jihar West Virginia, wanda mutane ke zaune cikin motoci suna kallon majigi a fili jirgi na wucewa ta bayansu, ƙwai 43 ya ƙona a bugu ɗaya. In lissafi ya kuskure babu maimaici, jirgi ya wuce. Wani abu da mutane da yawa basu sani ba, hasken filashin ya wanke allon majigin ya koma fari, jirgin saman da ake gani a allon daga baya ya haɗa shi a ɗakin wanke hoto daga wani dodon hoto daban, wato fim ɗin da aka wanke wanda haske da duhu ke juye a jikinsa. Akwai gidan tarihi da sunansa a tsohuwar tashar jirgin Roanoke a Virginia, an buɗe a 2004. Sannan duk wannan da izinin kamfanin ya yi, direbobin sun san yana wurin, kar wani ya ce ai Link ma ya haska jirgi da filashi.

Wane kaya nake buƙata?

Kyamarar da zata baka damar saita komai da hannu, da abun ɗora kyamara mai ƙafa uku wato tirayifod, mai nauyi ba irin wanda iska ke kaɗawa ba. Rimot ko kuma ka sa taima ta sakan 2 don kar hannunka ya girgiza ta. Ƙarin batir, don dogon ɗauka da sanyin dare suna cinye caji da wuri. Ƙaramar tocila ta duba maɓallai, da ƙyalle mai laushi saboda raɓa tana sauka kan gilashin lensi baka ankara ba, sai ka koma gida kaga duk hotunan ƙarshe sun yi hazo. In kuɗinka na abu ɗaya ne tsakanin sabon lensi da tirayifod mai kyau, ni dai tirayifod zan ce.

Da waya fa, zai yiwu?

In jirgin a tsaye yake zai yiwu sosai. Yanayin dare na waya hotuna da yawa yake ɗauka a jere ya haɗe su, shi yasa in abu na motsi sai kaga taragu sun narke ko lamba ta fito biyu. Ka jingina wayar da wani abu, ka rage hasken da yatsa don ita kullum so take ta mai da dare rana.

Jirgi na tsaye a tasha, ya zan saita?

Wannan shi ne mafi daɗin aiki kuma da shi ya kamata mai koyo ya fara. Ka ɗora kyamara, ISO wato ƙarfin jin hasken kyamara 100 ko 200, ƙofar lensi f/8, shota kuma, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗe tana shan haske, ka fara da sakan 10 ka duba, in ya yi duhu ka kai 20 ko 30, in kana buƙatar fiye da haka sai ka koma kan B, inda shota ke zama a buɗe muddin kana danne, ka riƙe da rimot. In ka matse ƙofar zuwa f/11 ko f/16 fitilun tasha zasu fito da tsinkaye kamar taurari, wasu na so wasu na ganin ƙyale-ƙyale ne. Ka kashe abun hana girgiza na lensi tunda kyamarar a kafe take, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara bata gyara ba. Mutanen da ke kai-kawo a dandamalin tasha kar su dame ka, a sakan 20 mai tafiya ɓacewa yake ko ya bar ɗan inuwa, wanda ya tsaya cak shi ke fitowa.

Kar ka yarda da allon bayan kyamara, a cikin duhu komai haske yake maka, ka duba jadawalin hasken nan mai kama da tsauni. Kuma lokacin da yafi kowanne kyau ba tsakar dare bane, ɗan tsakanin nan ne bayan faɗuwar rana da sama ke da sauran shuɗi, fitilu sun kama amma rufin jirgin bai haɗe da sama ya zama baƙi ɗaya ba. Baya daɗewa, in baka shirya tun da rana ba ya wuce ka.

In yana gudu kuma fa?

Nan ne lissafi ke shigowa. Jirgin da ke tafiyar kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 duk sakan ɗaya. Wato in shota ta buɗe na 1/60 jirgin ya riga ya matsa santimita 28, ba lambar da zata karantu. Sai ka kai 1/500 kafin motsin ya sauko zuwa wajen santimita 3, kuma 1/500 da daddare yana nufin ka buɗe lensi har ƙarshe, f/2 ko f/1.8, ka ɗaga ISO zuwa 6400 ko sama, ka haƙura da ɗan yashi-yashi a hoton. Kyamarorin yanzu suna iyawa in akwai fitilu a wurin, a daji kuwa inda ba haske ko ɗaya mantawa zaka yi.

Hanya ta biyu ka daina faɗa da motsin. Ka bar shota a buɗe sakan 15 ko 30 jirgin ya ratsa, shi kansa ba zai fito ba sai dogayen zaren haske, fari daga fitilar gaba, rawaya daga tagogin fasinja, ja daga baya. Yafi kyau a inda layi ya yi kwana ko daga saman gada. Amma ka sani gada na rawa in jirgi ko babbar mota ta bi, kuma rawar tana hawa ƙafar tirayifod har cikin hoton, haka ma ƙasar da ke daf da layi.

Ta uku ita ce ka bi jirgin da kyamara a hannu, shota wajen 1/30 ko 1/15, kana juyawa daga ƙugu daidai da gudunsa, kan jirgin ya fito bayansa ya zama zane. Mafi yawa lalacewa zasu yi, kar abun ya dame ka, kowa haka yake yi.

Fitilar gaban jirgi tana kashe mun hoto, fari kawai nake gani

Saboda ka tsaya a saitinta ne. An yi ta don ta haska nesa, ba lensin da zai kalle ta ido da ido ya tsira. Ka koma gefe ka ɗauke shi ta kusurwa, ko ka bari sai ya karya kwana fitilar ta kauce maka, ko ka samu wuri mai tudu. Ka cire duk wani filta da ka ɗaura a gaban lensi don shi ke haifar da wannan koren tabon da ke fitowa a ɗaya gefen, ka goge gilashin tas, ka sa hular lensi. Wani lokaci ma hoton da yafi kyau kafin jirgin ya bayyana ne, lokacin da haskensa ya riga shi zuwa ya kwanta kan ƙarafan layi.

Zan iya amfani da filashi?

Ga jirgin da ke tafe yana fuskantarka, a'a, kar ma ka fara. Direba idonsa ya saba da duhu, yana neman sigina yana duba mararraba, ka watsa masa haske ka makantar da shi na wasu sakanni alhali yana jan ɗaruruwan mutane ko dubban tan na kaya. Shi yasa wurare da yawa suka hana, jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan misali ba filashi ba tirayifod. Haka tocila mai ja ko kore kusa da layi, launukan sigina ne, ka bar su a jaka.

Banda haka ma ƙaramin filashin kan kyamara ba abun da zai yi wa jirgi. In nisa ya ninka biyu hasken da ke isa kashi ɗaya cikin huɗu ne, saboda haka hancin jirgin zai ƙone da haske tarago na biyu kuma yana cikin duhu. Inda filashi ke aiki shi ne jirgin da aka ajiye, a gidan tarihi ko a yadi da izini, ka buɗe shota a B ka zaga da filashi ɗaya a hannu kana bugawa sashe-sashe, tayoyi, tukunya, gefen tarago, kana sanye da baƙaƙen kaya kuma baka tsaya tsakanin hasken da kyamara ba. Ka riƙa bugowa daga gefe, haske daga gefe shi ke fito da kusoshi da bututu.

A ina ya kamata in tsaya, kuma sai na nemi izini?

Layin dogo da yadi da gadar jirgi ba hanyar jama'a bane, a ƙasashe da yawa shiga laifi ne. Ka tsaya inda kowa ke da damar tsayawa, in tasha ce ka je ka gaida ma'aikata ka gaya musu abun da ya kawo ka, mutun da tirayifod cikin duhu kusa da layi dole a yi zarginsa, kuma wasu wuraren ɗaukar hoton ma gaba ɗaya sai da takarda.

Jirgin kaya mai gudun kilomita 90 a awa yana iya cin fiye da kilomita ɗaya da rabi kafin ya tsaya, ko direba ya ganka ba abun da zai iya. Jikin jirgi ya fi layin faɗi da kusan mita ɗaya kowane gefe, ga igiya ko ƙarfe da kan yi lilo daga tarago. Na lantarki basa ƙara sosai, kuma inda layi biyu ne ƙarar wanda kake ɗauka tana rufe ta wanda ke tahowa ta bayanka. Wayar saman layin lantarki a wurare da yawa bolt 25,000 ce, ba sai ka taɓa ba, kusantarta da dogon ƙarfe ya isa. Kuma ta cikin lensi mai jawo nesa jirgi baya nuna kusancinsa na gaskiya, shi yasa yake da kyau ku je ku biyu, ɗaya na ɗauka ɗaya na kallon hanya.

Fokas yana ta kai-kawo ya ƙi tsayawa

Mai da shi na hannu. Ka zuƙo wata fitila ko allon lamba da ke daidai inda kan jirgin zai kasance, ka murɗa har ta zama ɗan ɗigo ƙarami, ka bar shi a nan kar ka sake taɓawa.

Me yasa hoton ke fitowa ruwan lemo ko kore?

Fitilun ne. Tsofaffin fitilun sodiyam ruwan lemo suke bayarwa, na makyuri da dogayen ƙwai suna ja zuwa kore, na LED fari ko shuɗi-shuɗi, kuma tasha ɗaya tana iya haɗa duka ukun. In a RAW ka ɗauka sai ka zaɓi wanda yafi rinjaye a jikin jirgin ka daidaita da shi, sauran ka barsu. Ni bana goyon bayan a wanke launin duka har wurin ya koma kamar asibiti, ai haka idonka ya gani. In abun ya gagara, musamman ƙarƙashin sodiyam, mai da shi baƙi da fari, sau da yawa ma yafi kyau.

Har yanzu ana iya yin wannan da fim?

Ana yi, sai dai fim yana da wata ɗabi'a, in ɗauka ta wuce sakan ɗaya sai ya fara kasala, hasken da mitar auna haske ta ce ya isa baya isarsa. Kodak Tri-X misali, in mita ta ce sakan 10 takardar kamfanin cewa take ka ba shi wajen 50, in ta ce 100 kuwa sai ka kai 1,200, minti ashirin kenan kana tsaye. Fuji Acros shi kuma har kusan minti biyu baya buƙatar ƙari, shi yasa masu dare ke sonsa. Fim mai launi banda kasalar har launinsa ke karkacewa. In kuma kaga hoton dare da jan zobe kewaye da kowace fitila, galibi CineStill 800T ne, fim ɗin sinima ne da aka cire masa baƙin rufin baya, haske ke ratsawa ya dawo. Ba lalacewa bane, kar wani ya zauna yana gogewa.

Na samu tsofaffin dodon hoto da silaid, irin fim ɗin da ake haskawa da majigi, a akwati, me zan fara yi?

Kar ka fara da goge-goge. Ka wanke hannu ka shanya ko ka sa safar hannu, ka riƙe fim ta gefe, ka sansana akwatin tukun. In kaji tsami kamar ruwan kal, toh robar fim ɗin ce ta fara ruɓewa, irin ta asitet, zata yi ta ƙanƙancewa tana lanƙwashewa kuma ba'a dawo da ita, sannan tururin yana harbin na kusa da shi. Ka ware su daban kuma su zaka fara sikanin. In fim ɗin ya girmi farkon shekarun 1950 ka duba gefensa, in an rubuta NITRATE wannan mai kamawa da wuta ne sosai, ruwa ma baya kashe shi da sauƙi, ka nisanta shi da zafi ka nemi masu adana kayan tarihi. Wanda aka rubuta SAFETY shi ne mara wannan haɗarin.

Duk rubutun da ke jikin ambulan ko firam ɗin silaid ko bayan hoto, kwanan wata, sunan tasha, lambar jirgi, ka ɗauke shi a hoto kafin ka raba su. Wallahi wani lokaci rubutun fensir ɗin nan yafi hoton daraja.

Akwai funfuna da datti, in wanke da ruwa?

A'a. Hoton yana zaune ne cikin wani siririn rufi na jelatin, funfuna kuma shi take ci, inda ta ci ruwa na taɓawa zai narke ya tafi da hoton gaba ɗaya. Ka fara da abun hura iska na roba da buroshi mai laushi, kar ka hura da baki. In bai fita ba akwai ruwan goge fim na musamman irin su PEC-12, ɗan kaɗan a ƙyalle mara gashi, kuma ka gwada a kan wanda baka damu da shi ba. Amma kafin duk wannan ka yi sikanin sau ɗaya a yadda yake, ko da wani abu zai faru. Sawun da funfuna ta bari mai kama da jijiyoyi ba zai gogu ba, sai a kwamfuta. Hoton takarda da ya manne da gilashin firam kuma kar ka ɓamɓare, ka yi sikanin ɗinsa da gilashin.

Sikana zan saya ko in ɗauka da kyamara?

Ya danganta da yawansu da girmansu. Sikana mai faɗi irin Epson V600 ko V850 tana da kyau ga hoton takarda da manyan fim, ga ƙaramin 35mm kuma tana da ɗan laushi, lambobin da ake rubutawa a kwali ba duka take kaiwa ba. Sikanar fim zalla irin Plustek ko tsohuwar Nikon Coolscan da aka daina yi sun fi kaifi amma akwai cin lokaci. Kyamara da lensin makro mai ɗaukar abu daf da daf da farantin haske a ƙasa ita ce mafi sauri, in ka daidaita ta miƙe sosai kuma ɗakin ba wani haske.

Firam ɗin 35mm milimita 24 ne da 36, a dpi 2400, wato ɗigo 2400 a kowane inci, zai baka wajen megafiksel 8, a 4000 kuma wajen 21, wanda ya kwashe kusan duk abun da ke ciki. Hoton takarda dpi 600 ya isa. Ka ajiye a TIFF mai bit 16, ka kashe duk gyaran da manhajar sikana ke yi da kanta, kaifafawa da ƙarin launi da sauransu. Wannan fayil na farko shi ne uwa, ba'a taɓa shi, kwafi ake gyarawa. In kaga wasu zobba masu launin bakan gizo, fim ne ya taɓa gilashi, ka sa shi a mariƙinsa.

Na kunna Digital ICE, abun cire ƙura na sikana, sai hoton ya dagule

Baƙi da fari ne ko? ICE da hasken infrared yake gano ƙura, yana ratsa rinin fim mai launi amma baya ratsa datti. Fim baƙi da fari na gargajiya kuwa da azurfa aka yi hoton, infrared baya ratsa ta, sai na'urar ta ɗauka hoton duka ƙura ne ta hau gogewa. Kodachrome ma yakan ba shi wahala. Waɗannan da hannu ake bi.

Silaid ɗin duk sun koma ja, akwai dabara?

Akwai, kuma tafi sauƙi fiye da yadda ake zato. Fim mai launi rini uku ne a jere kuma basa koɗewa tare, a tsofaffin Ektachrome na shekarun 1950 da 1960 mai shuɗi-koren ne ke fara tafiya, sai ja ya rage. Kodachrome, wanda aka yi daga 1935 zuwa 2009, shi in a duhu aka ajiye shi launinsa na nan daram, hasken majigi ne ke cinye shi. Gyaran shi ne ka buɗe Levels ko Curves a Photoshop ko GIMP wanda kyauta ne, ka bi ja da kore da shuɗi ɗaya bayan ɗaya, kowanne ka jawo bakinsa na duhu da na haske zuwa inda bayanan suka fara. Daga nan ka nemi abun da ka tabbata toka-toka ne, duwatsun ƙarƙashin layi ko siminti, ka daidaita tsakiya da shi. Dodon hoto mai launi kuma wannan ruwan lemon da ke jikinsa ba tsufa bane, haka aka yi shi, Negative Lab Pro ko negadoctor na cikin darktable suna cire shi wajen juyawa.

Tsohon hoton dare fa, gyaransa daban ne?

Daban ne kuma yafi wahala. A dodon hoto sararin dare kusan fim ne fari ba komai, saboda haka duk ƙwayar ƙura in an juya sai ta fito fara tas a kan baƙi, sama ta cika da taurarin ƙarya. A silaid kuma akasin haka, duhun ya yi kauri har ƙaramar sikana bata iya ratsa shi, sai ta cika wurin da ɗige-ɗige masu launi, nan ne ɗauka biyu ke amfani, ɗaya don haske ɗaya don duhu a haɗe, VueScan da SilverFast duk suna yi.

Ka zuƙo hoton ɗari bisa ɗari ka bi shi lungu-lungu da burushin gyara a kan wani shafi daban da ke sama, ɗan ƙaramin burushi daidai girman tabon. A sarari da bango abun gudu ne, amma kana isowa jikin jirgi ka rage hannu, don kusoshi da ƙura kamarsu ɗaya, fitilar sigina can nesa ma ɗigo ce, wayar tangaraho kuma sak karce. Karce yakan miƙe ne tare da tsawon fim ya ratsa komai har gaban jirgin, waya kuwa tana da lanƙwasa kuma tana ɓuya a bayan abu.

Sai babbar jarabawar, ka ja duhun sama don kaga me ke ciki. Yawanci ba komai sai ƙwayar fim da datti, kuma kana ja dare ya tashi daga baƙi ya koma toka, hoton ya mutu. Wanda ya tsaya cikin sanyi ya ɗauka ya san da duhun, da shi ya tsara hoton. Ƙwayar fim ɗin ma kar ka shafe ta duka, in ka shafe ƙarfe sai ya koma kamar roba.

Ba gara in ba AI ta gama mun cikin minti ɗaya ba?

Wajen rage ɗige-ɗige da gano ƙura tana taimakawa, ba musu. Matsalar ita ce inda bata gani ba ƙirƙira take, kuma da ƙarfin hali. Lambar jirgi da ta ɗan dushe sai ta mai da 3 ta zama 8, rubutun jikin tarago ya koma wasu haruffa da ba na kowane yare ba, tayoyi su ƙaru, fuskar direba a taga ta zama ta wani mutun da bai taɓa rayuwa ba. Masu bin tarihin jirage da wannan lambar suke gane wane inji ne, a ina, wace shekara, in ta canza ka saki ƙarya mai kyan gani kuma ita zata yi ta yawo. In ka yi amfani da ita ka ɗora sakamakon a kan na asali kana kunnawa kana kashewa, duk inda siffa ta canza ka goge ka dawo da na asalin, lamba da fuska kuma kar ka bari ta taɓa.

Sa wa baƙi da fari launi laifi ne?

Ba laifi bane amma ba gyara bane, zane ne. Fim ɗin bai adana launi ba, jan tarago da koren tarago suna iya fitowa toka iri ɗaya. In kana so ka yi, ka binciki launin da kamfanin ke shafawa a lokacin, ka rubuta a ƙasa cewa an sa launi, ka ajiye na asalin kusa da shi.

Na gama sikanin, in zubar da fim ɗin?

Haba dai. Sikanar da za'a yi nan gaba zata fi taka, kuma ma'ajiyar kwamfuta wato hard disk tana mutuwa rana ɗaya ba sallama. Ka sa su a rigunan polyester ko polypropylene, banda PVC mai warin roba, a wuri mai sanyi da bushewa da duhu, ba saman silin ba ba kuma inda damshi ke taruwa ba, danshin iska kashi 30 zuwa 40 shi ake so. Fayilolin kuma kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban ko a intanet. Ka sa wa kowane fayil lamba ɗaya da wadda ka rubuta a rigar fim ɗin, sannan sunan tasha da shekara da wanda ya ɗauka ka shigar da su cikin bayanan fayil ɗin kansa, in baka tabbatar da shekarar ba ka rubuta "wajajen" a gabanta.